An Ce Babu Fayil Ɗin, Ga Shi Kuwa Muna Kallonsa

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma na san da an ga kan maganar wasu za su ce me ya haɗa zauren adabi da gyaran kwamfuta. A ɗan yi mini haƙuri, ba zan kai ku nesa da gida ba.

Duk wanda ya daɗe yana karanta Hausa a kwamfuta ya taɓa cin karo da rubutu irin wannan: }asa a madadin ƙasa, ]aya a madadin ɗaya, ta~a a madadin taɓa. Wanda ya rubuta bai yi kuskure ba. A kwamfutarsa komai daidai yake, kowace ƙ da ɗ da ɓ da lanƙwasarta. Abin da ya faru shi ne ya yi amfani da salon haruffa na musamman, irin Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar tun lokacin da kwamfuta ba ta san da zaman haruffanmu masu lanƙwasa ba, aikin da ya fitar da marubuta da yawa kunya. To shi fayil ɗin rubutu ba ya tafiya da salon haruffan a cikinsa. Sunansa kawai yake ɗauka, ya ce wa kwamfutar da ta buɗe shi, "ki nuna ni da Rabi'at." Idan tana da shi, lafiya lau. Idan babu, sai ta ɗauko wanda ta ga dama, ƙasa ta koma }asa.

Na fara da wannan ne domin ciwon da zan ba ku labarinsa ɗan gidansu ne. Bambancin kawai, takarda takan buɗe ko da a karkace, ita kuwa manhaja idan ta nemi abin da ta ambata ba ta samu ba, ko motsi ba ta yi.

Yayata tana digiri na biyu a kemistiri. Bincikenta a kan wasu sinadarai ne da ake samu a ganyen zogale, ciki har da wanda ake kira quercetin. Malamin da ke duba aikinta ya ce bayan na ɗakin gwaji, yana so ta yi lissafin siffar sinadaran a kwamfuta, ya kuma ambata mata wata manhaja mai suna ORCA. Manhaja ce da Farfesa Frank Neese da abokan aikinsa suke haɓakawa a wata cibiyar Max Planck da ke Mülheim a Jamus, kuma ɗalibai da masu bincike na jami'a suna samunta kyauta bayan sun yi rajista. Za ka ba ta jerin ƙwayoyin zarra da wurin da kowace take, ita kuma ta lissafa maka yadda za su zauna da juna, da ƙarfin da ke riƙe da su. Irin lissafin da ba a yi da biro.

Wani ɗan ajinsu ya ɗora mata Ubuntu 22.04 a gefen Windows a kan kwamfutarta 'yar Beljiyam. Ta sayi datar dare, ta hana idonta barci ta sauke ORCA 5.0.4, ta kwance ƙunshin a folda. Ta buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, wanda muke kira taminal, ta kira manhajar. Ga amsar da ta samu:

./orca: error while loading shared libraries: liborca_tools_5_0_4.so.5: cannot open shared object file: No such file or directory

Kwana huɗu tana fama kafin ta kira ni. A cikin kwanakin ta sake saukewa sau ɗaya, a zatonta na farkon ne bai sauka duka ba, data ta tafi a banza. Ta kai wa wani mai gyara, ya juya kwamfutar, ya ce ai Ubuntun ne ya lalace, a yi fomatin a huta. Allah ya taimaka ta tuna babi na ɗaya zuwa na uku suna ciki, ta ɗauko kayarta ta dawo. Saminarta kuma saura mako uku, kuma wanda ya san karatun gaba da digiri a ƙasar nan ya san idan ranarka ta wuce, sai dai ka jira wata, ga kuɗin makaranta na sabon zango yana leƙe. Mace ce mai 'ya'ya biyu, tana koyarwa a sakandare da safe. Ba ta da mako ukun da za ta yi wasa da su.

"Auta, zo ka duba mini wannan abin kafin ya haukata ni," in ji ta. "Wai laburare yake nema. Ni dai katina na laburare bai ƙare ba."

"Yaya, buɗe mini foldar da kika kwance shi."

Ta buɗe. Na sa yatsa a kan allon. Fayil ɗin da aka ce babu shi yana zaune a wurin, harafi da harafi, layi kaɗan ƙasa da ita kanta manhajar.

Ta dube ni, ta dubi allon. "To ƙarya yake yi ke nan?"

Ba ƙarya yake yi ba, kuma a nan ne abin ya fara yi mini daɗi, don tambaya ce da marubuci ya kamata ya iya amsawa: wa ke magana a cikin wannan jimlar? Kowa yana ɗauka ORCA ce, tunda sunanta ne a farkon layi. Ba ita ba ce. A lokacin da saƙon ya fito, ORCA ba ta ma farka ba. Mai maganar wani ɗan ƙaramin shiri ne mai suna ld-linux-x86-64.so.2, wanda aikinsa shi ne kafin kowace manhaja ta tashi, ya karanta jerin abubuwan da ta ce tana buƙata, ya je ya tattaro su. Ni ɗan aike nake kiransa.

Ku ɗauki misalin injin markaɗe. Ba kowane gida ne ke da nasa ba, kuma babu dalilin da zai sa a saya. Guda ɗaya ko biyu sun ishi unguwa, mai yin ƙosai ta aika, mai waina ta aika, mai miyar biki ta aika. Haka masu rubuta manhaja suke yi. Wanda zai rubuta shirin lissafi ba zai zauna ya sake ƙirƙiro yadda ake buga rubutu a allo ko yadda ake fitar da tushen lamba ba. Wasu sun riga sun rubuta, an tara a fayil guda, kowa yana ara. Wannan fayil ɗin shi ne Turawa suke kira laburare, kuma idan na haɗaka ne, a Linux sunansa yakan ƙare da .so, a Windows kuma da .dll. Amfaninsa a fili yake. Kwafi ɗaya a faifai, kwafi ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta, shirye-shirye ɗari suna ci daga ciki. Idan kuma aka gano ɓaraka, wuri ɗaya za a toshe. A 2014 da aka gano babbar ɓarakar nan ta Heartbleed a cikin OpenSSL, waɗanda shirye-shiryensu ke aron na haɗaka sabunta fayil ɗin kawai suka yi suka sake tayar da shirye-shiryen. Waɗanda suka dafa kwafinsu a cikin manhajarsu kuwa, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka sake ginawa.

Bari in ɗan ratse, tunda a zauren masu harshe nake. Kalmar laburare ba ta yi mini ba a nan, domin duk Bahaushen da ya ji ta, ɗaki mai kantoci da littattafai da mai gadi a ƙofa zai gani. Na fara gwada "taskar tarayya," wani abokina a ƙungiyarmu ta marubuta ya yi dariya ya ce ai wannan sai a ɗauka wadda ake rabawa a Abuja duk ƙarshen wata ce. Sai na koma "taskar haɗaka," kuma da ita zan ci gaba. Wanda yake da wadda ta fi ta, ƙofa a buɗe take.

Shi wannan ɗan aike yana da hali guda: ba ya yawo. Gidajen da aka nuna masa kawai yake zuwa, kuma bi da bi. Yana duba ko ita manhajar an rubuta mata wani adireshi a jikinta tun wurin gini. Yana duba wani saƙo da mai kwamfuta zai iya bar masa, mai suna LD_LIBRARY_PATH. Yana duba rajistarsa da ke /etc/ld.so.cache, inda aka jera taskokin da tsarin ya sani. Daga ƙarshe ya leƙa manyan ɗakunan ajiya na asali, /lib da /usr/lib. Idan ya gama bai gani ba, sai ya dawo ya ce babu. Foldar da manhajar take zaune a ciki ba ta cikin jerin, sai fa idan an faɗa masa. Windows takan fara duba foldar manhajar, shi ya sa wanda ya taso a Windows abin yake ɗaure masa kai. A Linux an bar shi haka, kuma ni ina ganin hikimar: da a ce yana ɗaukar duk abin da ya tarar a inda kake tsaye, da mugu zai iya ajiye gurɓataccen fayil mai sunan wata sananniyar taska a folda, ka shiga ka kira shiri, ɗan aike ya kwaso maka guba.

Don haka "babu" ɗinsa gaskiya ce, iyakar inda ƙafarsa ta taka. Laifin da nake gani a jimlar ɗaya ne, ba ta faɗi inda aka duba ba. Da ta ƙara da "na duba nan da nan da nan," da Yaya ta gane tun daren farko, don ba ta rasa kai ba. In ban da wannan, jimla ce da aka gina da kyau. Ta faɗi wanda abin ya shafa, ta faɗi aikin da ake ciki, ta ambaci sunan abin da ya ɓata cikakke, ta kawo dalili. Mutane ne ba sa karantawa. Da an ga baƙin allo da Turanci, sai gaba ta faɗi, a ɗauki hoto a tura guruf a rubuta "ya ƙi yi."

Abu na farko da na yi shi ne tambayar ɗan aiken ya nuna mini jerin aikensa gaba ɗaya. Umarnin gajere ne:

ldd ./orca

Sai ya jero duk taskokin da manhajar ke nema, kowace da inda ya same ta. Waɗanda bai samu ba ya rubuta not found a gabansu. Na fi son wannan a kan kiran manhajar kai tsaye, domin saƙon kuskure abu ɗaya yake faɗa ya yi shiru, ka gyara, ya sake fito da wani, alhali ldd yana zube maka su a faifai guda. Sai dai a kula, ba a yi wa fayil ɗin da ba a san asalinsa ba ldd, don a wasu lokutan yana iya tayar da shi.

Maganin kuma layi ɗaya ne. Na bar wa ɗan aike saƙo cewa ya riƙa leƙa foldar ORCA:

export LD_LIBRARY_PATH=$HOME/orca:$LD_LIBRARY_PATH

Wutsiyar nan ta ƙarshe, wato maimaita sunan bayan ɗigo biyu, ita ce ke hana a goge adireshin da ke ciki tun da farko. Ana ƙari ne a kai. Kuma saƙon na taminal ɗin da aka rubuta shi ne kaɗai, da an rufe ya tafi. Wanda bai san haka ba zai kwana da murna, ya tashi da safe ya tarar da saƙon jiya yana jiransa. Don haka da na ga ya yi, sai na rubuta layin a ƙarshen wani ɓoyayyen fayil mai suna .bashrc, wanda ake karantawa duk lokacin da aka buɗe sabon taminal. Akwai hanya ta biyu, a saka adireshin a wani fayil cikin /etc/ld.so.conf.d a kira sudo ldconfig ya sabunta rajista. Wannan ta kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita ce, kamar ta ɗakin gwaji. Ta mutum ɗaya ba ta buƙata.

Muka gwada da ruwa, zarra uku kacal, oksijin ɗaya da haidurojin biyu. Kafin Yaya ta gyara zama lambobi sun gama gudu, a ƙasa an rubuta ORCA TERMINATED NORMALLY a tsakanin taurari.

"Shi ke nan? Kwana huɗuna?"

"Shi ke nan na farko, Yaya."

Na faɗi haka ne don na san abin da ke gaba. Quercetin zarra 32 ce, karbon 15, haidurojin 10, oksijin 7, kuma lissafi yana ninkuwa ne da sauri fiye da yadda zarra ke ƙaruwa. Kwamfutarta tana da ƙwaƙwalwar aiki huɗu a cikin injinta, idan aka bar ɗaya tana yi sauran suna kallo, wuta za ta ɗauke, batir ya mutu, aiki bai kai ko'ina ba. Akwai yadda ake gaya wa ORCA ta raba aikin huɗu, a rubuta PAL4 a layin farko na fayil ɗin aiki, a kuma kira ta da cikakken adireshinta. Muka yi. Tsugune ba ta ƙare ba, domin ita ORCA ba da kanta take rabon ba, wata manhaja take ara mai suna OpenMPI, mai shirin tayar da aikin da ake kira mpirun da taska mai suna libmpi.so.40. Na yi wa orca_scf_mpi ldd, sai ga not found a gaban taskar.

Wannan karon "babu" ɗin ta gaske ce, fayil ɗin ba ya kwamfutar kwata-kwata. Kun ga ke nan kalmomi iri ɗaya suna iya ɗaukar ciwo biyu. Akwai kayan da ke gida ba a nuna wa ɗan aike ba, akwai wanda ba a taɓa sayowa ba. Wanda bai bambance ba zai yi ta sauke abin da yake da shi, ko ya yi ta nuna hanya zuwa ɗakin da ba kowa. Rarrabewar ba wuya, a sa umarnin find ya bincika faifan da sunan fayil ɗin. In ya fito, matsalar hanya ce. In bai fito ba, sai a nemi ƙunshin da ke ɗauke da shi, ko da apt-file search, ko a shafin packages.ubuntu.com.

Wace siga za a ɗora? Amsar tana jikin sunan ƙunshin da Yaya ta sauke tun daren farko, wanda ya ƙare da shared_openmpi411. Masu manhajar sun rubuta a goshin kayan cewa na haɗaka ne, kuma da OpenMPI 4.1.1 aka gina shi. Ubuntu 22.04 tana da 4.1.2 a rumbunta, kusa ƙwarai, kuma lambar taskar ɗaya ce. Amma aikin da za a tsaya gaban malamai a kare shi, na fi so a ce abin da aka rubuta shi aka bi. Na sauke asalin rubutun 4.1.1, wanda bai ci data sosai ba, na ɗora kayan gini da sudo apt install build-essential, sannan configure da make da make install zuwa wata folda a cikin gidanta na kwamfuta, ba tare da na taɓa na tsarin ba. Ginin ya ɗauki kusan awa guda, fankar kwamfutar tana kuka, ni kuma ina cin ɗanwaken da aka ajiye mini. Da ya gama na ƙara layi biyu a .bashrc, ɗaya na PATH don a ga mpirun, ɗaya na taskokin.

Mutanen da suka rubuta ORCA suna da ɗan barkwanci. Idan lissafin siffa ya kai inda ake so, kafin ta sanar sai ta rubuta HURRAY da manyan baƙaƙe. Washegari da daddare Yaya ta turo mini hoton allon ta WhatsApp, ba ta rubuta komai ba sai hoton.

A nan zan faɗi wani abu da ke raina. Difloma gare ni daga kwalejin kimiyya da fasaha, kuma na san kallon da ake yi wa takardar a wurin neman aiki. Wannan abin ma ba a aji na koye shi ba, a wata huɗun koyon aiki ne, a wani ƙaramin kamfanin intanet inda aka zaunar da ni gaban sabar da ba ta da linzami. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake tura ɗaliban kimiyya su yi aiki da irin waɗannan manhajoji ba tare da an ware ko awa biyu an nuna musu yadda gidan yake ba. Mai digiri na biyu ta san abin da ilekturon ke yi a cikin zoben benzin, abin da ni ko a mafarki ban sani ba, amma layi ɗaya ya tsare ta kwana huɗu, har ana shirin goge mata babi uku. Da ta nemi bayani, duk da Turanci ne, kuma Turancin mutanen da suka ɗauka kowa ya san abin da suka sani. Da Hausa kuwa ban ci karo da ko sakin layi ɗaya ba. Mu da muke kiran kanmu marubuta muna da labarin soyayya dubu, ni ma ina da nawa guda biyu a waya ban gama ba, ba gori nake yi ba.

Masu Windows kada ku ce ba ruwanku. Duk wanda ya taɓa ɗora wasa ko manhajar gyaran hoto ya ga akwatin da ke cewa ba a sami VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll ba, ciwon nan ne. Maganinsa a ɗora Visual C++ Redistributable daga shafin Microsoft. Shafukan nan da ke raba fayil ɗin .dll ɗai-ɗai a guje su, ba ka san wanda ya dafa ba.

Na uku ya zo bayan samina da mako biyu, kuma shi ya fi ba ni sha'awa. Malamin nata ya ba ta wani tsohon shiri a filashi, wanda wani abokin karatunsa ya rubuta shekaru da dama da suka wuce, yana daidaita sakamakon gwaji ya fitar da wasu lambobi da malamin ya saba aiki da su. Asalin rubutun shirin ya ɓata, ginannen kawai ya rage. Da ta kira shi sai ya ce ba a sami libgfortran.so.3 ba. Yanzu ta iya karatun saƙo, da kanta ta bincika, ta kira ni ta ce, "Auta, akwai mai 5 a ƙarshe, babu mai 3."

Fortran harshen kwamfuta ne da John Backus da tawagarsa suka fitar a kamfanin IBM a 1957, kuma har gobe ginshiƙan lissafin kimiyya irin su LAPACK, wadda ta fito a 1992, da shi aka rubuta su. Shirin da aka gina da gfortran yana aron wannan taskar. Lambar da ke wutsiyar sunan alkawari ce tsakanin taska da mai aro: muddin lambar ba ta sauya ba, yadda ka saba kira na haka zan amsa. Idan masu taskar suka sauya tsarin ciki ta yadda tsohon mai aro ba zai gane ba, sai su ɗaga lambar. Mai 3 ta yi zamani tun daga GCC 4.3 har GCC 6. GCC 7 ta zo da mai 4 a 2017, GCC 8 ta zo da mai 5 a 2018. Ubuntu 18.04 tana da ƙunshin libgfortran3, daga 20.04 aka daina kawo shi.

Wani a guruf ɗin ajinsu ya ba ta dabara, wadda kuma ta cika intanet: ta yi amfani da ln -s ta ƙirƙiri wani suna, libgfortran.so.3, wanda zai riƙa nuni zuwa mai 5. Wato a ɗauko ƙane a sa masa rigar wa a tura shi. Ɗan aike suna yake dubawa, zai karɓa. Amma kama da wane ba ta wane. Ita wannan taskar ma da sauƙi, domin ayyukan cikinta suna da hatimin siga, sai shirin ya sake tsayawa ya ce bai ga GFORTRAN_1.0 ba, ka ga an sanar da kai. Akwai taskokin da ba su da hatimin. Da su shiri zai iya tashi, ya faɗi a tsakiya, ko kuma ya gama lafiya ya ba ka lamba, lambar ba daidai ba. Ga mai wasan ƙwallo a kwamfuta wannan ba komai ba ne. Ga mai rubuta kundin digiri, lambar za ta shiga jadawali, jadawali ya shiga babi na huɗu, a buga a ɗaure, wani ya zo ya kafa hujja da ita. Na gwammace shirin da ya ƙi tashi sau goma.

Da asalin rubutun yana nan, da sake ginawa da sabon gfortran ya fi komai tsafta. Tunda babu, sai muka nemo masa abin zamaninsa. Na sauke ƙunshin libgfortran3 na Ubuntu 18.04 daga rumbun Ubuntu, ban ɗora shi a tsarin ba, na dai kwance shi a gefe da dpkg -x a cikin wata folda da na sa wa suna tsoho. Sannan na rubuta ɗan fayil mai layi biyu wanda ke nuna wa ɗan aike foldar a lokacin kiran wannan shirin kaɗai, don kada tsohuwar taska ta shiga hurumin sababbin manhajoji. Ita ma tana da nata abin aron, libquadmath.so.0, amma wannan lambarta ba ta sauya ba, kuma ta riga ta shigo tare da kayan ginin da muka ɗora.

Shirin ya tashi. Na ce wa Yaya kada ta ba shi sakamakonta tukuna, ta roƙi malamin wani tsohon aiki da ya riga ya san amsarsa. Ya turo guda, na wata ɗaliba da ta gama tuntuni. Muka saka, muka jera lambobin da na takardarsa, suka yi daidai har ɗigo na ƙarshe da ya rubuta. Sannan ta saka nata.

Malamin ya aiko a tambaye ni ko zan zo in yi wa sauran ɗalibansa biyar haka. Na haɗa shirin da foldar tsoho da ɗan fayil ɗin kira a wuri guda, aka kwafa a filashi uku, ɗaya a ofishinsa. A ciki na ajiye takardar bayani mai suna KARANTA.txt, rabi Turanci don malam, rabi Hausa, kuma ƙ da ɗ da ɓ ɗinta na Unicode ne, za su fito daidai a kowace kwamfutar zamani. Ranar Asabar mai zuwa zan je, an ce biyu daga cikin kwamfutocin Windows ce kaɗai a kansu.